Dutsen Tsohuwar Tashar Mahdiya

Lamjed bai ɗauki mutanen garinsu Mahdiya a bakin komai ba. Shekara tara ya yi a Faransa yana wanke faranti, ya dawo yana taku kamar shi ya gina ƙasar. Da ya buɗe shagon gahawa, sai ya so ya kafa tsohon dutse mai zane a ƙofa, don ya ja Turawa masu yawon buɗe ido.

Gab da magariba ya tura baro zuwa tashar jiragen ruwan da mutanen dā suka sassaƙa cikin dutse, ƙarƙashin maƙabartar bakin teku. Ya tarar da Baba Sassi, tsohon masunci, yana naɗe koma.

"Ɗan nan, wurin nan da masu shi."

"Baba, ji da kifinka. Wannan jahilcin ne ya hana ku ci gaba."

Tsoho ya tofar da yawu, ya yi gaba.

Lamjed ya sa ƙarfe ya ɓamɓaro dutsen. Sai ƙugin teku ya ɗauke ɗif. Warin ruɓaɓɓiyar igiya da kwalta ya cika masa hanci. Can ƙarƙashin ruwa, wata sarƙa tana gogar dutse.

Ga wata tsohuwa a kan matakala, ƙafafu cikin ruwa, tana wankin ulu. Ɗazu ba ta nan.

"Jikan Zohra ne?" ta ce ƙasa-ƙasa, ba ta juyo ba. "Kakan kakanka ɗaure aka sauke shi a nan. Ya fi ka kunya."

"Hajiya, ni dai..."

"Hajiya? Ina nan aka kafa tubalin masallacinku."

Ta juyo. Idanunta irin na kifi ne, ba su ƙiftawa. Kuma ba ulu take wankewa ba. Gashinta ne, ya rufe tashar duka.

Wani silin gashin ya naɗe masa idon sawu. Sanyi ƙalau.

Gashin ya ja shi cikin ruwa.

Gwiwa. Ƙugu. Ruwan gishiri a baki. Ya nemi addu'a, harshe ya ƙi.

Ta matso, ta shinshina shi, ta yatsine fuska.

"Tir. Ba zan ɓata ruwana da irinka ba."

Gashin ya sake shi. Da rarrafe ya haura cikin kaburbura.

Ƙafar nan ba ta ƙara ɗumi ba. Ya bar wa ƙaninsa shagon, ya koma Ƙairawan, nesa da teku. Har yau da ido a rufe yake alwala, don kada ya kalli ruwa.