Furen da Wuƙa Ba Ta Yaga Ba

A gabana suka fara ganin juna, don haka wanda ya ba ku labarin nan ba daga bakina ba, saura ya ba ku. Ni na rako jikata Surayya daga Bande zuwa Magariya ranar kasuwa, ni da na taka Kano da ƙafa a shekarar yunwa na dawo da buhu a ka. Ita Surayya mai ƙunshi ce. Ta ji labarin wani yaro Munir mai injin yanka leda mai mannewa, irin ta jikin babura, ta ce a yanka mata furen lallenta, mata su manna a hannu su shafa lalle a kai.

Munir ya karɓi takardar, ya dubi furen, ya dubi mai furen, idonsa ya ƙi komawa takarda. Na yi gyaran murya na shaida masa matata ce, ya kiyaye.

"Baba, in takara ce na shiga," in ji shi.

Ya ce injin ba ya ganin hoto, layi yake bi. Sai an bi zanen a ordinatar, wato kwamfuta, a dasa ɗigo, a lanƙwasa layi daga wannan ɗigo zuwa wancan. Surayya ta ce da hannunta za ta koya.

To, mai lalle ta saba bin zane taku-taku. Haka ta riƙa zuba ɗigo a jikin kowane ganye kamar mai shukar gero. Wuƙar injin ta dinga karkarwa tana tsayawa a kowane ɗigo, leda ta fito a yage. Kasuwa bayan kasuwa muna komawa gida da tsumma.

Ubanta Maina, ɗana, ya ga tsumman ya ce ba koyo ake ba, hira ake. Da magabatan Munir suka nemi zuwa neman aurenta, ya ce kada su wahala. Na tsawata masa, ni da ko soja bai taɓa sa ni sunkuyar da kai ba. Ya sassauta: in kafin a kai gero rumbu ta nuna masa aikin hannunta, su zo. In ba haka ba, zuwanta Magariya ya ƙare.

Kasuwa ta gaba fure ya fito sumul. Muna murna, sai Surayya ta duba ordinatar ta ga ɗigonta sun ragu. Munir ne ya gyara a ɓoye. Ta ajiye ledar a tebur.

"Wannan zan kai wa Baba in ce nawa ne? Ƙarya kake so a ɗaura mana aure a kai?"

Ta fice, na bi ta da sandata.

Ta daina ɗaga wayarsa. Ban shiga lakwal na yi boko ba, ban kuma yi asara ba, amma saƙon nan da ya turo mata sai da na sa ta karanta mini:

"Sanyin idona, na yi laifi. Tsoron rasa ki ne ya kai hannuna. Ki dawo, na ɗaure hannuwana a baya, baki kawai zan sa."

Ta rubuta masa: "Malam, in ka sake taɓa mini ko ɗigo ɗaya, kakana zan aura."

Da muka koma, hannunsa a baya yake tsayawa. Yana ce mata ta sa ɗigo inda layi ya juya kaɗai, sauran ta ja lanƙwasa, kuma ta tabbata bakin layi ya haɗu da mafarinsa. Ta goge, ta sake, ta goge. Wata rana har hawaye ya sauka, ta share da gefen mayafi ta ci gaba. Wannan taurin kai jinina ne, kowa ya sani.

Ana cikin girbi Maina ya zo shagon Munir da kansa. Bai yarda da abin da aka tanada ba. Ya cire hularsa ya ajiye, ya ce ta fitar da furen da ke jiki, Munir kuwa ya fita waje.

Ta ɗauki hoton hular, ta zauna. Ta dasa ɗigo inda layi ya juya kaɗai, sauran ta ja lanƙwasa. Wuƙa ta zagaya shiru kamar tana tafiya a kan mai. Ta ɓare ledar a hankali, fure ya tashi ɗungurungum, ko ƙwarzane babu.

Maina ya ɗora shi kusa da na hular, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya leƙa waje.

"Kai yaro, shigo daga rana. Ka ce wa iyayenka Juma'a ina gida."

An ɗaura aure a Bande bayan an cika rumbuna, ni na ba da ita, muryata har bakin kasuwa aka ji ta. Da za a tafi da amarya ta durƙusa gabana tana kuka, ango na gefe. Na dafa kawunansu na ce Allah Ya zaunar da su lafiya, Ya ba su zuriya mai albarka, Ya sa su ga tsufa irin nawa. Jama'a suka ce amin.