Zoben da Ya Dushe

Keziah ta buga zoben a kan teburin Asa.

"Dubi abin da ka ba ni! Dube shi!"

Asa, maƙerin zinariyar da duk garin Providence ke yabon hannunsa, ya ɗago a firgice. Jan dutsen zoben baikon nasu ya dushe, ya koma kamar busasshen jini.

"Baba ya ce fasasshiyar kwalba ka liƙa min. Wai wanda ya yi ha'inci a zobe zai yi a aure. Ya rantse ranar Lahadi zai hana fasto karanta sanarwar aurenmu!"

Asa ya yi ta juya zoben yana dubawa. Wannan sanyin halin nasa shi ke ƙona mata rai! Aure na shirin rushewa, shi ko a jikinsa.

"Kin sa shi a ruwa?"

"Au, ni ce ma mai laifin?"

"Keziah tawa, amsa min..."

"Na yi wanki da shi, na wanke tukwane! Lavinia ta ce amaryar da ta cire zobenta kafin biki, mijin zai kuɓuce mata. Ko sau ɗaya ban cire ba!"

"Lavinia 'yar kawunki? Wadda ta girma a maƙerar ubanta?"

Ya sa siririyar wuƙa ya ɓalle bayan zoben, ya zaro wani ɗan falle da ya yi baƙi ƙirin.

"Azurfa ce muke shimfiɗawa a bayan dutse don ya ƙara haske. Ruwa na shiga, sai ta yi baƙi, dutsen ya dushe. Duk 'yar maƙeri ta san wannan. Ni ne sakaran da ban gaya miki ba, zuciyata."

Nan take Keziah ta gano dawar garin. Ashe shi ya sa Lavinia ke ta zaryar kawo wa Asa gyaran sarƙar da ba ta tsinke ba!

Ya ɗaga dutsen saitin taga, sai ga shi ja wur kamar garwashi.

"Kar ka mayar!" Ta fizgo hannunsa. "Taso, Baba zai gani da idonsa."

A gida, tsohon ya daɗe yana haska dutsen. Can ya yi gyaran murya.

"Lahadi, kada ka makara, yaro."

Da fasto ya karanta sunayensu, Keziah ta waiwaya ta ɗaga wa Lavinia hannu, zoben na walƙiya.

Tun daga ranar takan cire shi kafin wanki. Mijin kuwa yana nan, bai je ko'ina ba.