Ƙofar da Rabe Ya Ƙi Kafawa

"Ku kwashe! Ku kwashe komai!" Baba Barka yana tsaye a tsakar gida yana nuni da carbinsa. "Turmin nan, tabarmin nan, har akurkin kaji. Mai saye fili yake son gani, ba tarkacen mata ba."

Mairama ta ɗago kai daga wankin da take yi. Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifinta, Alhaji Hamed, wanda ya ƙare rayuwarsa yana fatauci tsakanin Sabha da Agadas. Ya bar musu gidan nan na unguwar Sukra a cikin Sabha, ɗaki shida da falon baƙi da dabino biyu. Ita da innarta, Hajiya Safia, gidan ya yi musu yawa. Ga kuɗin fetur sun cika gari, kowa neman muhalli yake. Shi ya sa suka yarda Barka, ƙanin marigayi, ya nemo mai saye.

"Baba, yaushe za mu ga mutumin?"

"Ku gan shi? A ƙa'idar dillanci mai gida ba ya haɗuwa da mai saye. Uwarki tana ganinsa za ta hau kukan Alhaji, ta nuna masa inda bango ya tsage, ciniki ya watse. Ranar Juma'a zan kai ku gonata a Samnu ku yi sati guda. Makulli kawai za ku bar mini."

Wace ƙa'ida? A wane littafi aka rubuta ta? Ba wanda ya tambaya.

Da la'asar sai ga Rabe, magini ɗan Nijar mazaunin unguwar Tayuri, wanda Alhaji ya yi wa alkawarin Mairama tun yana raye. Ko ƙurar siminti bai wanke ba.

"Mairama, kada ku bar gidan nan ko na kwana ɗaya."

"Lafiya? Ko gaisuwa babu?"

"Yau da safe wani ya tsaya da kamiyo, babbar motar kaya, inda muke jiran aiki. Yana so in kafa masa ƙofar ƙarfe ranar Asabar, a Sukra, gida mai dabino biyu da koriyar ƙofa. Ni na kafa koriyar ƙofar nan da hannuna! Ba ki ji abin da radiyo ke faɗi ba? Sabuwar doka ta ce gida na wanda ke zaune a cikinsa ne. In kuka fita wani ya shimfiɗa tabarma ya sake ƙofa, shi ke nan."

Ta gaya wa innarta, innarta ta gaya wa Barka. Washegari a ƙofar masallaci, gaban mutanen unguwa, Barka ya tare Rabe.

"Ku dube shi, jama'a! Lebura mai kwana a ɗakin kwano! Ya ji doka, yana so a ɗaura masa aure ya tare, gida ya zama nasa. Ba 'yar yake so ba, ɗaki shida yake so."

Rabe ya ɗauki takalmansa ya tafi. Cikin masu sauraro babu ko mutum ɗaya da ya ce a kawo hujja. Hajiya kuwa ta yanke hukunci: kada ya sake taka mata ƙofa.

Mairama ta shige ɗaki tana kuka. Abin da ya fi cin ranta, ita ma zargin ya fara shigarta. Ba Rabe ne ya taɓa cewa gidan nan bai kamata ya fita daga hannunsu ba? Ba shi ya san tsawon kowane ɗaki ba? To, amma me ya sa Baba Barka ke ɓoye mai sayen nan kamar amarya?

Ranar Alhamis da hantsi Barka ya kora su gidan maƙwabta, wai mutumin zai zo duba gida. Suna zaune suka ji tsayuwar mota.

"Inna," in ji Mairama, "tun da na yi wayo, baƙo ya taɓa shiga gidan Alhaji ya fita bai sha shayi ba?"

"Babanki Barka ya hana."

"Ciniki ya hana. Ni shayi na ce."

Hajiya ta dubi katangar gidanta. Can ta yafa mayafi. "Ari butar Ouma, matar gidan nan, ki ɗora."

Suka iske su a falon baƙi, Barka yana buga bango yana cewa, "Ji ƙwari! Ga fili, ko 'ya'ya goma gare ka..." Ganin faranti ya sa maganar ta maƙale masa.

Baƙon, wani direba mai suna Idirisa, ya miƙe tsaye. "Sannunku. Maƙwabta ne?"

"Masu gida ne," in ji Hajiya. "Nawa ka taya, Malam?"

"Taya? Ai cewa ya yi masu gida sun koma Nijar tun bayan sadakar arba'in, gida ba kowa! In tare ranar Asabar, in sake ƙofa, in ba shi na goro mai kauri." Ya juya ga Barka. "Ashe shi ya sa maginin nan ya ƙi aikina, ya ce in je in ga masu gida ido da ido? Marayu za ka sa in kora, ka haɗa ni da Allah?"

"Ka gane, ba haka..." Barka ya shiga share gumi.

"Ajiye makullin nan, Baba," in ji Mairama.

Da yamma Hajiya ta aika a kira Rabe ta ba shi haƙuri.

"A'a, Inna," in ji Mairama. "Ba a ɗaki aka ɓata shi ba. A ƙofar masallaci aka kira shi maci amana, a can za a wanke shi, da bakin da ya faɗa."

Haka kuwa aka yi. Juma'ar da aka shirya tafiya Samnu, liman ya tsayar da jama'a, Barka ya janye maganarsa ɗaya bayan ɗaya, kansa a ƙasa. Rabe ya ce ya yafe.

"Ke ma kin zarge ni?" ya tambaye ta daga baya.

"Kwana biyu cur," ta ce, idonta ya ciko.

"To, da sauƙi. Siminti ma sai ya kwana biyu yake kamawa."

Bayan salla aka ɗaura aure, ya kai ta wani gida mai ɗaki biyu da ya gina da guminsa. Hajiya ta sayar da gidan ga wani mai iyali, suna zaune a tabarma ɗaya, gaban shaidu huɗu. Sabon mai gida ya nemi magini ya sake ƙofa, Rabe ne ya kafa ta, Hajiya tana tsaye tana kallo.

Duk wanda ya ce kada ka ga abokin cinikinka, tambaye shi abin da yake ɓoyewa. Wanda kuma aka ɓata a bainar jama'a, haƙurin ɗaki bai isa ba. Mai haƙuri kuwa, ko an kore shi daga ƙofa, da girma zai dawo mata.