Kyautar da Barmo ya yi da magariba

Magaribar da abin ya fara ba ta bambanta da sauran ba. Jaratu na kwasar tuwo, awaki sun shigo suna neman turakunsu, ladan na gyara murya. Mijinta Barmo, wanda duk ƙauyen nan na gefen Tama ke kira Mushe, wato malami, don shi ke koyar da ƙananan yara a lakwal, makarantar boko, yana zaune gindin tsohon rumbu da allon gilashi bisa cinya.

Allon nan tabilet anka ce sunansa. A Buza anka raba wa malamai, anka nuna musu aikinsa: yaro ya karanta 'yan kalmomi gabansa, allon ya ɗauki murya, ya nuna launin tsanwa in an iya, ja in an yi tuntuɓe. In ka taɓa jan, sai ya buɗe maka wurin da yaron ya tsaya. Wanda ya koya musu ya ce ja ba hukunci ba ne, yatsa ne mai nuna inda ƙaya ta shiga don a cire ta gobe. Barmo ya gane sarai. Ga ɗiyan mutane haka yake yi, da haƙuri har da wasa.

To, amma akwai Hindatu, ɗiyarsa ta cikinsa, cikin ajin. Kullum ja. Yara har sun sa mata suna Jan Mushe. Shi kuwa bai taɓa kai yatsa ya buɗe jan nata ba, don yana gani sai kunya ta rufe masa ido.

Ran nan ya yi ta kunna muryarta gindin rumbu, tana farawa tana sarƙewa, tana jan hanci. Ya kira ta ya ce ta sake. Ta tsaya da hannuwa a baya, hawaye na zuba, bakin ya ƙi buɗuwa. Sai ya kife allon ya ce, "Ni na gaji. Mai so shi ɗauke ta shi koya mata."

Mara ta faɗi daga hannun Jaratu. Ta ce a hankali, "Malam, magariba ta hwa."

Ba a kyauta da ɗa da baki, ko cikin wasa, balle sa'ad da rana ke faɗuwa, waɗanda ba mu gani suna komawa gida. Kowace tsohuwa ta san wannan, Barmo ma ya sani. Awakin sunka yi tsit. Wata 'yar tsakuwa ta gangaro daga kan rumbu ta tsaya dab da ƙafarsa. Ya tashi ya yi alwala, bai janye maganar ba.

Washegari Hindatu ta karanta gaban allon ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Tsanwa. Jibi ma tsanwa. Yara sunka bar tsokanarta. Barmo ya kai wa shugaban lakwal allon, anka yaba masa.

Sai dai ya ji muryar. Uba ba ya ɓatan muryar ɗiyarsa. Wannan ba ta jan numfashi tsakanin kalmomi, kuma can ƙarƙashinta akwai wani kaushi, kamar tsohuwa ta sa rigar yarinya. Ya ji, ya sani, ya yi shiru, don tsanwar ta yi masa daɗi. Wannan shi ne laifinsa, ya fi na farko nauyi.

A gida kuwa, da rana ta yi ja sai jifa ya fara sauka bisa kwanon ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. A fita, ba kowa. Sannan a ji karatun faransanci na fitowa daga cikin rumbun da ba hatsi, alhali Hindatu na zaune jikin uwarta, baki rufe. Ta bar wasa. Ta bar cewa Inna. Ba ta magana sai an ɗora mata allo. Tuwo ma sai an tura mata, wuyanta ya zama kamar na kaza. Jaratu ta tambayi mijinta ko yana jin abin da take ji, ya ce yara ne ke harbi da danƙo. Ba ta sake tambaya ba.

Ranar da yarinyar ta dubi uwarta ta ce, "Ke wace ce?" ranar ce Barmo ya hau moto, wato babur, ya nufi Galma, ya ɗauko Malam Tsoho, dattijon da ya san aikin fitar da aljanu.

Bayan la'asar sunka iso. Malam ya sa anka shimfiɗa tabarma gaban rumbu, anka zaunar da Hindatu, Jaratu na riƙe da kafaɗunta. Ya sa hayaƙin habbatussauda, ya kama karatu bai ɗaga murya ba. Inuwa ta yi ta tsawo har ta haɗiye tsakar gida. Can jikin yarinyar ya sandare, kanta ya ɗago, idanun a lumshe.

Malam ya tambayi ko wane ne, da abin da ya sa ya zalunci ɗiyar mutane.

Muryar ta fito a sanyaye. Ta ce a rumbun nan take tun kakan Barmo na da ƙarfin noma, ba ta taɓa fasa musu ko ƙwarya ba. "Ban yi sata ba, Malam. Kyauta anka ba ni. Tambayi wanga da ke ɓoye bayanka."

Barmo ya sunkuyar da kai ya ce haka ne.

Ta ce kowace magariba ana saka mata kukan yarinyar a kunne, ba mai rarrashi. Tausayi ta ji. Ta shiga ta amsa mata, don uban ya samu launin da yake so. Sai ta juyo da fuskar Hindatu wajensa. "Ka san ba ita ce ba. Tun ranar hwarko ka sani. Mi ya hana ka magana?"

Ba wanda ya taimake shi. Jaratu ba ta ko dube shi ba. Da ƙyar ya ce, "Kunya nike ji da ita. Na hi son allon da ɗiyata."

Malam Tsoho ya ce wa aljanar uba ba ya da ikon kyauta da abin da Allah ya ba shi amana, don haka kyautar ɓatacciya ce, ta fita. Ta nemi a yanka mata jar akuya, ya ce ba za ta ga jini ba a gidan nan. Ta nemi a bar mata yarinyar ranar Juma'a kaɗai, ya ci gaba da karatu har ta fara nishi. Daga ƙarshe ta ce za ta tafi, amma da kayanta: duk karatun da ta zuba a bakin nan za ta kwashe, ko harafi ba za ta bari ba. Kuma bakin da ya bayar shi zai karɓa.

"Ja za ka samu, Mushe. Kana so?"

Barmo ya matso da gwiwa, ya kama 'yan hannuwan da sunka yi sanyi. Ya ce, "Ina so. Ki ba ni abata yadda kinka same ta."

Yarinyar ta yi atishawa, jikinta ya saki. Jinkar rumbun ta motsa kamar iska ta bi ta ciki, ga shi ba iska. Ladan ya kira salla. Hindatu ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa."

Da ta samu ƙarfin komawa lakwal, ta tsaya gaban allon. Ta fara, ta sarƙe, ta ja hanci. Ja ya fito. Barmo ya kai yatsa ya taɓa shi, abin da bai taɓa yi ba. Ashe haruffa biyu ne kacal ke ruɗa ta, b da d, ɗaya cikinsa na gaba, ɗaya cikinsa na baya. Ƙayar ke nan. Tun farko tana nan a rubuce, tana jiran ya duba.

Da yamma, tun rana na sama, ya zauna da ita tsakar gida ya zana su bisa rairayi. Ta nuna na farko ta faɗi ba daidai ba, ta ɗago tana jiran tsawa.

Ya share da tafin hannu, ya sake zanawa. Ya ce, "Sake, uwata. Ina jin ki."