Butar da Ba Ta Yi Baƙi Ba

Gawar Raishatu na kwance a barandar ɗakin shan magani lokacin da Sufeto Mailafiya ya iso daga Damagaram. Kububuwa ce ta sare ta a dajin Gangara. Ubanta Rissa, makiyayi, ya kawo ta Tanut bisa raƙumi, aka yi mata allura, allurar ba ta yi komai ba. Firigon magani ya kwana biyu a mace cikin zafin bazara, maganin dafin ya lalace.

An riga an tsare Barmo, mai kula da injin wuta. Majo Attahir, babban ma'aikacin jinya, shi ya nuna shi.

"Sakacinsa ne, ranka ya daɗe," in ji Majo.

Sufeto tsohon sojan rediyo ne, wayar wuta ba ta yi masa ƙarya. Ya zaro fizibil, ƙaramar wayar da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa. Ta narke.

"Barmo, me da me ke jan wuta nan?"

"Firigo da fitilu kawai." Barmo bai ɗago kai ba.

Sufeto ya tsuguna, ya zana a rairayi. Injin na ba da bolt 220. In an raba bolt da om, ma'aunin turjiyar na'ura, a sami amfa, yawan wutar da take ja. Firigo om 110, amfa biyu ke nan. Fitilu om 55, amfa huɗu. Kowa da reshensa, sai a tara: shida. Fizibil kuwa na amfa goma ne. Akwai mai ci da ba a faɗa ba.

Bayan ofishin Majo ya ga an kankare waya wuri biyu, alamar an jona wani abu.

Majo ya sayo masa shayi don girmamawa. Sufeto ya hangi butar shayin Majo a gefe, ya juya ta. Gindinta fes.

"Da gawayi kake dafawa?"

"Kullum."

"Gawayin Tanut ba ya hayaƙi ke nan?"

Sufeto ya janye tabarma daga kan wani akwati. Ga resho na lantarki, an buga om 22 a gindinsa.

"Amfa goma shi kaɗai. Da shida, sha shida."

Majo ya zauna daɓas.

"Wallahi na zaci kamar akushin tuwo ne. In hannu ya ƙaru, kowa ya rage loma. Na ce fitilu su ɗan dushe, shi ke nan."

"Ba akushi ba ne. Kowa cikakken rabonsa yake ja, waya ke ɗaukar nauyin. Ka kuma tsoratar da Barmo, ya yi shiru."

"Na yi," in ji Majo.

Aka saki Barmo, amma babu wanda ya yi murna. Abin takaici ne, yarinya ta tafi saboda ruwan zafi.

Jandarmomi na fitowa da Majo, Rissa ya miƙe daga gefen gawar. Ya dubi butar da ke hannun Sufeto, ya gyara rawaninsa.

"Makon jiya na kawo wa Majo cuku," ya ce a hankali. "Ya dafa mini a cikinta. Har kofi uku na sha, na sa masa albarka."