Auta Ta Kori Matar Gida

Akwai wata bishiya dab da tagar ɗakin Auta, inda tsuntsayen kabare suka yi sansani. Kullum da safe takan leƙa ta gan su, jiki rawaya, kai baƙi. Suna saƙa sheƙa da ɗanyar ciyawa, suna reto, suna surutu kamar ana ciniki.

Ran nan Malamar kimiyya ta ce kowa ya zaɓi tsuntsu ɗaya, ya lura da shi mako guda. Auta ta yi murna. Aiki ya same ta har gida.

A rana ta biyu sai ga wata tsuntsuwa mai launin ƙasa-ƙasa. Ta shige wata sabuwar sheƙa, ta ja ciyawar da baki, ta fito.

"Ji min ɓarauniya!" in ji Auta. "Wani ya sha wahala, ke ki zo ki shige?"

Ta zuba tsakuwa a gwangwani. Duk wadda ta gani mai wannan launi, sai ta kaɗa shi ta kore ta.

"Auta, wannan ƙarar fa?" Mama ta tambaya daga bakin keken ɗinkinta.

"Gadi nake yi, Mama."

Bayan kwana uku ta tarar da sheƙa biyu a ƙasa. Da idonta ta ga mai rawaya yana warware tasa. Ranta ya ɓaci.

Ranar Litinin ta karanta wa aji abin da ta rubuta a kan ɓarauniyar da ta kora. Malama ta buɗe littafi, ta nuna mata hoto.

"Ita ce wannan?"

"Ita ce, Malama!"

"To, ai matar gida kika kora. Kabare ce, mace."

Aji ya kwashe da dariya. Auta ta rufe fuska da littafinta.

"Ku bar dariya, ta lura sosai," in ji Malama. "Masana ba da launi kaɗai suke rarraba tsuntsaye ba. Suna duba baki, da ƙafa, da kuka, da sheƙa. Kabare na cikin dangin tsuntsaye masaƙa, kuma sun fi iri ɗari. A wannan irin, namiji ke saƙa, mace ta zo ta duba. In babu wadda ta karɓa, sai ya warware ya sake."

"Ashe ni na ɓata masa aiki," Auta ta ce a hankali.

"Zai sake wata. Ke dai ki ba su wuri."

Auta ta zubar da tsakuwar. Ta koma kallo da ido kawai. Bayan 'yan makonni, ta ji ƙananan muryoyi daga cikin sheƙa. Ta ruga ta jawo hannun Mama.

"An yi haihuwa ke nan," Mama ta ce tana dariya. "Sai ki je barka, amma daga nesa."

Tun daga ranar Auta ta riƙe darasinta: kada ka yanke hukunci da ganin launi. In ba ka sani ba, ka tambaya.