Layin Nijar a Zauren 'Yan Aji

Ƙarfe tara na safiyar Asabar Malam Hamma, dillalin shanu a kasuwar Maigatari, ya shigo ofishin 'yan sanda na Gumel. Ya kife wata waya a kan teburin Insifekta Ɗalha.

"Yallaɓai, 'yata Muhsina tana asibiti. Jiya ta sha maganin ƙwari. Allah ne ya sa uwarta ta shiga ɗakin da wuri."

"Me ya yi zafi haka, Malam?"

"Abin da ke cikin wayarta. Ni dai na kasa kallo."

Insifekta ya miƙa wa Sajan Safiya wayar, don ya fahimci abin na mace ne. Ta duba, fuskarta ta canza. Zauren WhatsApp ne na ajin Muhsina a kwalejin da take karatu, mutum ɗari da ashirin. Ranar Alhamis da la'asar wani ya tura hotonta babu cikakkiyar sutura. Bayansa zagi ya biyo, saƙo sama da ɗari uku.

"Yallaɓai, layin da ya tura na Nijar ne," in ji Sajan. "Da ya tura ya fice, yanzu a kashe yake."

A asibiti suka tarar da Muhsina, 'yar shekara ashirin, ta juya fuska bango. Insifekta ya tsaya bakin ƙofa, Sajan ta zauna kusa da ita.

"Ƙanwata, ba hukunta ki muka zo yi ba. Wa kika tura wa hoton nan?"

Muhsina ta juyo da fuskarta.

"Nasrullahi. An sa mana rana bayan girbi. Shi ya yi ta roƙona, ya rantse zai goge."

"Shi kaɗai?"

"Wallahi shi kaɗai."

Nasrullahi tela ne. Suna shiga shagonsa ya tsayar da keken ɗinki.

"Tun a ranar na goge shi, yallaɓai."

"Ba ni wayar."

Ba a yi minti biyar ba Sajan ta gano hoton a wata ɓoyayyiyar ma'ajiya. Zufa ta keto wa Nasrullahi.

"Na yi ƙarya, ban goge ba. Amma na rantse ban tura wa kowa ba!"

Sajan ta jera wayoyin biyu, ta ƙura musu ido, sannan ta matso kusa da Insifekta.

"Wanda aka yaɗa akwai tsaga a tsakiyarsa, wannan kuwa babu. Ba tura shi aka yi daga nan ba. Wani ne ya ɗauki hoton fuskar wayar da wata waya, lokacin gilashin a fashe."

Insifekta ya juya wajen Nasrullahi. "Yaushe ka canza gilashi?"

"Ranar Alhamis, a Maigatari, wajen Ubale mai gyara."

"Wa ya kai?"

"Ni da kaina."

Kafin azahar suna Maigatari. Ubale na cikin rumfarsa, ya duƙufa kan wata waya da ya farke.

"Ranar kasuwa ce fa, yallaɓai. Waya nawa ta bi ta hannuna? Ban tuna ba."

"To bari in tuna maka. Hoton ya fita ne ranar da wayar ke hannunka. Yarinyar tana gadon asibiti. Idan ta mutu, da kai zan fara."

Ubale ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Ba namiji ne ya kawo ba. Budurwa ce, ta ce ta yayanta ce. Kafin ta ba ni ta koma gefe tana danne-danne. Sannan ta tambaye ni inda ake sayar da layin Nijar, na nuna mata rumfar can."

A mota Insifekta ya ce a sake duba sunayen 'yan zauren, tunda baƙon layi ba zai shiga ba sai da hannun ɗan aji. Sajan ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ta tsaya.

"Akwai Rabi Ɗantsoho. Sunan mahaifin Nasrullahi ke nan."

Sun sami Rabi a tsakar gida tana wanki. Mahaifiyarta ta shimfiɗa musu tabarma. Nasrullahi ma ya riga su isowa, yana tsaye jikin bango.

"Kin je Maigatari ranar Alhamis?" Insifekta ya tambaya.

"Na je sayen yadi."

"Da wayar wa?"

"Da tawa."

"Ubale ya ce da ta yayanki. In kawo shi ya nuna ki?"

Sajan ta karɓi wayar Rabi, ta zare robar bayanta. Ƙaramin layin waya na Nijar ya faɗo kan tabarma.

"Rabi!" Mahaifiyarta ta dafe ƙirji. "Matar da yayanki zai aura?"

"Inna, ba ki san abin da ta yi min ba!" in ji Rabi. "Bara na faɗi a gaban aji, zanina ya kwance. Muhsina ce ta ɗauka a waya ta tura zaure. Suka mayar da fuskata sitika. Shekara guda duk wanda zai yi dariya da fuskata yake yi. Na roƙe ta ta sa su daina, ta ce wasa ne. Na gaya wa Yaya, shi ma ya ce wasa ne."

Nasrullahi ya sunkuyar da kai.

"Na san lambar buɗe wayarsa. A mota na ga hoton. So nake ta ji abin da na ji, ko na kwana ɗaya. Ban san za ta sha wani abu ba."

"Da nan kika kawo ƙara bara, da ita za mu kira," in ji Insifekta. "Abin da ta yi miki zan rubuta shi, kuma za ta amsa tambaya idan ta warke. Amma yaɗa tsiraicin mutum laifi ne a dokar intanet, yana iya kai ki gidan yari. Sauran bayani sai a gaban alƙali." Ya dubi Nasrullahi. "Kai ma taho. Ka yi wa hukuma ƙarya sau biyu."

Sajan ta miƙa wa Rabi hijabinta. Ba ta sa mata ankwa ba, hannunta kawai ta riƙe har mota. Maƙwabta sun cika ƙofar gida, wasu samari har sun ɗaga wayoyi.

"Duk wanda ya ɗauki hoto, da shi zan tafi!" Insifekta ya daka tsawa. Wayoyin suka koma aljihu.

Sun kusa ofis Rabi ta ɗago.

"Yallaɓai, za ta rayu?"

"Likita ya ce za ta rayu."

Ta kifa kai a gwiwa, ta fashe da kuka.

Insifekta ya waiwayi Sajan. "Mutum nawa suka ƙara tura hoton zuwa wasu zauruka?"

"Zuwa yanzu arba'in da ɗaya."

"Rubuta musu takardar gayyata. Litinin, ƙarfe takwas, kowa ya zo da wayarsa."